Zumar Surukina a Allo na Bakwai

Na daɗe ina aiki a ɗakin ajiye fayil na wani ofishin gwamnati a Kazaure, saboda haka babu wanda zai koya mini yadda takarda take hawa sama. Na ga fayil ɗin da ya shekara uku a ƙasan tuli, ranar da mai shi ya gano cewa matar maigidanmu 'yar garinsu ce sai ga fayil ya tashi da kansa ya hau tebur. Na ga wanda aka ɗora a sama da safe, kafin azahar ya koma ƙasa don mai shi ya wuce masinja bai gaishe shi ba. Da wannan ilimin na yi ritaya, da shi kuma na shiga harkar intanet, ina ganin duk ƙasar nan babu gwani irina.

Surukina, mahaifin matata, yana zaune a wani ƙauye cikin duwatsun Roni. Asalinsu makiyaya ne, amma shanun sun ragu tun kafin in auri 'yarsa, sai ya koma noma da zuma. Baffa muke ce masa. Tun da na shiga gidan nan ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je, daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, ni ina kallon ƙasa, shi yana kallon gefe, mu yi ta lafiya lau har gwiwata ta fara ciwo. In akwai magana ta gaske, sai in faɗa wa matata, ta faɗa wa mahaifiyarta, ita kuma ta kai masa. Amsa takan dawo ta wannan hanyar bayan sati biyu. Ko a ofishinmu ba ma yi wa takarda irin wannan dogon zagaye.

A tsakiyar gonarsa akwai wata ƙatuwar ɗorawa, wadda aka ce haka ya tarar da ita tun yana bin maruƙa. A kanta yake rataye mafi yawan amyoyinsa, ɗakunan nan na ƙudan zuma da yake saƙawa da ciyawa, ya yaɓe su da kashin shanu, ya turara su. Yana da wasu a kan tsamiya da marke a bakin rafi, amma zumar ɗorawar nan daban take. In bazara ta kama, furen ya sauko jajir, tun daga bakin gona kake jin ƙugin ƙudan. Zumar kuma in ka lasa sai ka rasa abin da za ka ce, ka sake miƙa yatsa.

Matsalar ita ce kasuwa. A ranar kasuwa masu dafa sukari su ne sarakuna, su jera kwalabe suna rantsuwa da girman Allah cewa jiya aka ɗebo ta daga kogo. Baffa ba ya rantsuwa, ba ya kuma sauke farashi, sai ya zauna shiru kusa da jarkarsa har la'asar ya ɗauko abarsa ya dawo. 'Ya'yansa maza kuwa sun daɗe da sa wa bishiyar ido, wai inuwarta ta hana gero yi a tsakiyar gona. Masu gawayi ma sun fara zuwa gaisuwa akai-akai, mutanen da ba su taɓa sanin yana raye ba. Wata rana saƙo ya iso ta hanyar da aka saba: Baffa yana tunanin sauke amyoyin ya ba da bishiyar.

A lokacin na sayi kwamfuta sabuwa da kuɗin sallama, ga ni ba aiki, ga kai ya kumbura. Na ce wa matata, "Ki gaya wa Inna ta gaya wa Baffa a bar bishiyar nan. Ni zan kawo masa masu saye daga inda bai taɓa zato ba. Alkawari ne."

Ta dube ni ta ce, "Malam, daga ina?"

Na ce, "Daga cikin wannan," na buga murfin kwamfutar.

Bayan sati biyu amsa ta zo. Kalma ɗaya ce: "To."

Na buɗe wa zumar shafi a intanet, na sa hoton ɗorawar a sama, ta cika allo da amyoyinta. Daga nan na zauna ina nazarin injin binciken nan da kowa ke tambaya a waya, wanda in ka rubuta abin da kake nema zai jero maka shafuka allo bayan allo. Kallo ɗaya na yi masa na gane shi. Tulin fayil ne. Wanda ke sama shi ake gani, na ƙasa kuwa sai dai a yi masa addu'a. Abin da ya rage kawai in san abin da mai tebur ɗin yake so.

Na bi masu koyarwa a waya, na gano wai injin yana son ya ji ana maimaita kalmar da ake nema. Na yi dariya. Ashe kirari yake so, kamar kowane mai mulki. Ni da na tashi a garin sarauta ai ba za a koya mini wannan ba. Na zauna na rubuta masa: zuma, zumar Roni, zuma farar saƙa, zumar ɗorawa, mai neman zuma ga zuma, zuma a Kazaure, zuma a Gwiwa, zuma a Babura, zuma ta gaskiya ba zumar sukari ba. Na cika shafi. Da na ga akwai sauran fili a ƙasa, sai na ƙara wani kirarin da farin rubutu a kan farin allo, yadda mutum ba zai gani ba sai injin kaɗai, kamar yadda akan saƙala 'yar takarda a cikin fayil. Babu sunan kowa a shafin. Inda ya kamata a faɗi mai zumar, na rubuta "wani dattijo".

Wallahi abin ya yi aiki. Kafin damina ta sauka, in ka rubuta zuma da sunan yankinmu, ni ne na farko. Waya ta fara kuka. Daga Kano, daga Kaduna, daga Abuja, har wani daga tsallaken iyaka ta wajen Babura ya kira yana tambaya ko ina karɓar sefa. Kowace Asabar sai in hau babur in tafi ƙauye, in ɗauro jarkoki gaba da baya, in kai tasha in ba direbobi. Masu gawayi suka daina zuwa gaisuwa. Kaka biyu muka yi a haka, har saƙo ya zo daga Baffa, wannan karon ma kalma ɗaya: "Madalla." Matata ta ce tun da take ba ta taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan a kan mutum ba.

Ni kuwa sai na fara sa babbar riga ranar Talata. A majalisarmu ta ƙofar gida aka koma kirana mai intanet, ni kuma ina amsawa. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha lacca a kan yadda ake tafiyar da injin, ko da kuwa tsire ya zo saye. Na ce musu injin nan na san shi kamar yunwar cikina.

Wata safiya bayan na sha koko, na ɗauki waya na rubuta zuma kamar yadda na saba, don in ga kaina in ji daɗi. Ban ga kaina ba. A gurbina akwai wani babban kanti na kudu, sai wani dogon bayani a kan amfanin zuma ga mai tari, sai wata mata daga wata jiha da hotonta tana murmushi riƙe da saƙa. Na ce wayar ce. Na kashe na kunna. Na ari wayar maƙwabcina. Na shiga allo na biyu, na uku, na huɗu, yatsana har ya gaji. A allo na bakwai na tsinci kaina, inda ko mai neman ɓataccen jaki ba ya kaiwa, tsakanin wani mai sayar da man shafawa da wani shafi da ya mutu tun tuni.

Abu na farko da ya zo mini shi ne makirci. A ofis, in fayil ya faɗo haka dare ɗaya, to wani ne ya shiga ya yi magana. Na fara lissafa maƙiya. Akwai wani mai zuma a Gwiwa da ya taɓa tambayata yadda ake buɗe shafi na ce masa abin yana da wuya. Kwana uku ina zarginsa, har na daina amsa gaisuwar wani ɗan garinsu da ke sayar da rake a bakin titi. Daga baya na ji cewa mutumin ko wayar shafawa ba shi da ita.

Sai na yi abin da kowane tsohon ma'aikaci zai yi, na rubuta takardar koke. Na fara da gaisuwa da fatan alheri, na ce ina mai ƙasƙantar da kai, na bayyana shekarun da na yi ina bauta wa ƙasa, na roƙi a duba lamarina da idon rahama a mayar da ni muƙamina. Na rufe da naku mai biyayya. Matsala ɗaya, ban san wanda zan aika wa ba. Babu darakta, babu sakatare, babu ko masinjan da za ka ba goro. Na sami wani ɗan akwati a ƙasan allo na zuba takardar a ciki. Nan take amsa ta zo, wai an gode, kuma wannan saƙon ba a mayar masa da amsa. A duk shekaruna na aiki ban taɓa wulaƙanta mai koke da sauri haka ba, mu aƙalla mukan ce ya dawo jibi.

Waya ta yi shiru. Da farko kira ya ragu, daga baya sai tsofaffin masu saye biyu ko uku, su ma sai sun tuna. Asabar ta zo, dole in je ƙauye. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, muka yi lafiya lau ɗinmu. An fito mini da jarkoki kamar kullum. Na ɗauki ɗaya.

Na ce, ina kallon ƙasa, "Baffa, hanyar ce babu kyau kwanan nan. Babur ba zai ɗauki da yawa ba."

Ya ce, yana kallon gefe, "Haka ne, Malam. Hanya babu kyau."

Rani ne tsakiyarsa. Hanyar ta bushe ƙayau, ko keke zai bi ta da buhu. Ya san haka, na san ya sani, amma shi ba zai tambayi surukinsa ba, ni kuma ba zan buɗe baki in ce wa surukina alkawarina ya faɗa allo na bakwai ba. Asabar ta gaba ma jarka ɗaya, hanya babu kyau. Daga nan na fara tsallake Asabar, ina aika saƙo cewa babur ne ya lalace.

Jarkokin da nake ɗaukowa kuwa a ɗakina suke ƙarewa. Muka shiga shan zuma ba ji ba gani. Koko da zuma, fura da zuma, burodi da zuma, har na fara cewa tana da kyau a shayi sau uku a rana. Na ce wa matata likitoci ne suka ce a yawaita. Ta dai duba bayan ƙofa inda na jera su na rufe da tabarma, ta fita.

Da koke ya ƙi, sai kamun ƙafa. Aka haɗa ni da wani masani a Kano, mutum mai furfura a gemu da tabarau, wanda aka ce sana'arsa ke nan, ɗaga shafuka. Na shiga mota na same shi a ofishinsa. Ya duba shafina ya girgiza kai, ya ce ba makirci ba ne, abdet aka yi. Na ce mene ne kuma abdet. Ya ce masu injin sukan canza ƙa'idar da yake bi wajen jera mutane, ba tare da sun yi shawara da kowa ba, kuma a wannan karon mutane da yawa sun kwana a sama sun tashi a ƙasa. Wato an yi sauyin gwamnati, ban ji a rediyo ba.

Na ce, "To wa za mu gani?"

Ya ce babu wanda ake gani, amma injin yana girmama shafin da wasu shafuka suke nunawa. In da yawa suka ce je ka wurin wane, sai ya ɗauka wane babba ne. Na ce ai wannan shi ne kamun ƙafa, me ya sa bai faɗa da Hausa tun farko ba. Ya ce yana da inda ake samo irin waɗannan masu shaida a sari. Na ce a samo.

Aka samo. Bayan kwana goma na duba in ga mutanen kirkin da suka tsaya mini. Shafukan caca ne, da na maganin sanƙo, da wasu da aka rubuta da haruffan da ban taɓa gani ba, dukkansu suna rantsuwa cewa sun san zumar Baffa. Dattijon da bai taɓa rantsuwa a kasuwa ba, ga 'yan caca na ƙasashen duniya suna ba da shaida a kansa. Na ce ba komai, in dai za a hau. Aka wayi gari na duba allo na bakwai ban gan ni ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Sai da na rubuta cikakken sunan shafin da kaina sannan injin ya nuna ya taɓa jin labarina.

Na koma Kano a fusace. Masanin ya cire tabarau ya goge, ya ce gaskiya wannan dabarar ta tsufa, injin ya fara gane shaidar saye, kuma laifinsa ne da bai faɗa mini ba. Ya ce za mu wanke su duka, mu goge kirarin, mu goge farin rubutun. Sannan ya ce, "Alhaji, yanzu abin da ake cewa yana so shi ne ya san wa ke magana. Mutum na gaske, da sunansa, da fuskarsa, da yadda ya san abin da yake faɗa. Wannan 'wani dattijo' da ka rubuta, wane ne? Ka sa sunansa. Ka ɗauke shi hoto a gindin bishiyar nan, ka sa shi ya yi bayani da bakinsa."

Na ce, "Surukina ne."

Ya mayar da tabarau ya daɗe yana kallona. Shi ma ɗan Hausa ne, yana da nasa surukin. Ya ce, "Af. To, Allah ya kawo mafita."

A mota ina ta zagin injin a zuciyata. Wane irin marar tarbiyya ne zai ce in rubuta sunan surukina ɓaro-ɓaro duniya ta karanta? In tsaya a gabansa in ɗaga waya in ce Baffa kalli nan, yi murmushi? Kafin ma a kai nan, sai na fara gaya masa dalili, wato sai na ce masa masu saye sun watse tun watanni, hanya kuma lafiyarta ƙalau. An ce kunyar marar kunya asara ce, na sani. Amma ni ba injin nake jin kunya ba.

Sai na shiga dabara. Na canza "wani dattijo" zuwa "wani dattijo mai daraja". Babu motsi. Na ƙara "wanda kowa ya sani a yankin". Babu motsi. Na tono wani tsohon hoto na ranar suna inda ake ganin ƙeyarsa daga nesa cikin mutane, na sa. Har takalmansa na taɓa ɗauka a ƙofar zaure wata Asabar da na daure na leƙa da sassafe, na juya ban ko shiga gona ba, na rubuta a ƙasa cewa waɗannan takalman sun shekara suna zagaya amya. Sati shida na yi ina wannan shirme, kullum da safe ina duba allo kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Ranar da asiri ya tonu, ina zaune da kwamfuta a tsakar gida bayan sallar azahar, matata ta tsaya a bayana ban sani ba. Ta ce, "Malam, takalman Baffa ne waɗannan?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya mata komai, tun daga allo na bakwai har zuwa 'yan caca. Ta saurara har na gama. Ta ce ta san babu masu saye tun ranar da na fara zuba wa yara zuma a kan ɗanwake. Abin da ba ta sani ba shi ne suna kawai ake nema.

Ta ce, "Sunan da nake rubutawa a bayan nawa tun ina aji ɗaya? Shi ne ya hana ka barci sati shida?"

Na ce, "Ai ba sunan kaɗai ba ne. Sai an gaya masa."

Ta ce, "To a gaya masa mana. Ubana ne, ba hakimi ba. Gobe ka tayar da babur ɗin da ya lalace."

Washegari da hantsi muka kama hanya, tana bayana. Hanyar sumul, har na ji haushinta. Akwai wani tudu da in ka hau shi kake hango kan ɗorawar ya fi duk bishiyoyin wajen tsawo. Muka hau tudun. Na rage gudu ina dubawa, na ɗauka ko na yi kuskuren wuri. Na ji hannun matata ya damƙe kafaɗata.

A gona muka same shi. Rassan an kwashe, sai ɓawo da garin itace a warwatse, da baƙin wuri can gefe inda aka yi ramin gawayi. Amyoyin an jingine su a jikin wani dutse, babu komai a ciki. Baffa yana zaune a kan kututturen, wanda faɗinsa zai ɗauki mutum huɗu. Na tuɓe takalmi na durƙusa. A karon farko na kasa cewa lafiya lau.

Matata ta ce, "Baffa, yaushe?"

Ya ce, "Yau kwana tara."

Kwana tara. Na yi lissafi a raina ba da son raina ba. Ranar da masu gawayi suka kawo injin yanka, ina gida ina gyara hasken hoton takalmansa.

Taku uku ne tsakanina da shi, amma ita ya kalla. Ya ce, "Ki gaya wa Malam kada ya sa abin a ransa. Na ga alkawarin nan ya yi masa nauyi, ga shi ba zai iya faɗa ba. Yana zuwa yana ramewa, daga baya ma ya kasa zuwa. Na ce bai kamata bishiya ta raba ni da surukina ba. In babu ita, babu alkawari, sai ya riƙa zuwa gaisuwa da sakin jiki kamar da."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba yaransa ne suka ci ƙarfinsa ba, ba masu gawayi ba. Ni ya tausaya wa. Na yi kuka a wurin, da furfurata, kaina a sunkuye, ina jin haushin kaina fiye da yadda na taɓa jin haushin kowa.

Matata ce ta yi ƙarfin hali. Ta share ido ta yi masa bayanin abin da ya faru, a taƙaice, ba tare da ta rufa mini asiri ko kaɗan ba. Ta ce akwai sauran amyoyi a tsamiya da marke, kuma ba za a bari su ma su tafi ba. Ta karɓi wayata ta ce, "Baffa, wai na'urar tana so ka faɗi sunanka, ka faɗi yadda kake aikinka."

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ita ba ta da iyaye ne?"

Ya gyara zama a kan kututturen, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ni dai ina kallon tururuwa. Daga nan ya fara magana, kuma tun da na san shi ban taɓa jin muryarsa ta yi tsawo haka ba. Ya faɗi irin ciyawar da ake saƙa amya da ita da wadda ƙuda ba ya so. Ya faɗi abin da yake turarawa da shi, da yadda yake gane zuma ta nuna daga sautin ƙugin kawai, da dalilin da ya sa ba ya kwashe saƙar duka sai ya bar musu abin ci. Ya faɗi yadda ƙudan suka yi ta kewaya wurin kwana biyu bayan an kayar da bishiyar, suna neman reshensu, kafin su haƙura su yi gabas. Duk wannan ilimin yana nan shekara da shekaru, taku uku daga inda nake durƙusawa, ni kuwa ina can ina rubuta zuma zuma zuma da farin rubutu.

Ita ta buga sunan a shafin da yatsunta. Ni har yau ban buga ba, in na zo wurin sai in tsallake da ido. Muka goge kirarin, masanin ya kori 'yan cacansa, muka sa maganar Baffa yadda ya faɗe ta, da hotonsa a kan kututture. Wata ɗaya shiru, wata biyu shiru. A na huɗu na duba da safe na gan mu a allon farko, na uku daga sama. Masanin ya kira ya ce aikinsa ne. Wani kuma ya ce mini ai wani abdet ɗin aka sake yi, kowa ya motsa. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, kuma babu ofishin da zan je in tambaya.

Waya ta dawo da kuka. Wata mata ta kira daga Kaduna ta ce ita zumar ƙatuwar ɗorawar nan ta saman shafi take so, don na kasa cire tsohon hoton. Na ce mata ta ƙare. Ta ce yaushe za a samu. Na ce akwai ta tsamiya da ta marke, su ma masu kyau ne. Ta ce to a aiko da ta tsamiyar.

Wannan karon ban ba matata saƙo ta kai wa Inna ba. Ranar Asabar na hau babur na tafi da kaina. Na same shi a gona, a kan kututturen, don nan ya mayar wurin zamansa. Na durƙusa, muka gaisa, sannan na daure na faɗa masa da bakina cewa mun koma sama, masu saye sun dawo, yau jarka huɗu zan ɗauka.

Ya ɗaga kai ya dubi wurin da rassan suke a da. Ya ce, "Ashe hanya ta gyaru."

Na ce, "Ta gyaru, Baffa."

Rana tana dukanmu mu biyu, babu inuwar da za mu matsa.